Abokin Yayana Zai Mayar da Littafina Fim, Amma Ya Ce Ba Sai An Rubuta Takarda Ba

Assalamu alaikum Anti. Ni marubuciya ce a yanar gizo, shekaruna 26, ina gidan iyayena a Zariya. Littafina na baya-bayan nan na kuɗi ne, naira 500, kuma kusan mutum 400 suka biya suka shiga guruf kafin wasu su fitar min da shi waje. Wani abokin Yayana, furodusa ne a Kano mai tasha a YouTube, yana so ya mayar da shi fim mai dogon zango, zango biyu, kashi 26, kuma ni zan tsara rubutun. Ya ce in zaɓa: ko naira dubu 150 gaba ɗaya, ko kaso 10 cikin 100 na riba. Da na ce a rubuta a takarda sai ya yi dariya, wai su a masana'anta amana suke yi. Yaya kuma ya yi fushi, ya ce na kunyata shi a gaban abokinsa tun na firamare. Na riga na tura wa mutumin kashi biyu na farko don ya ga hannuna. Ga shi Baba bai san maganar ba, kuma ko sunan 'yan fim ba ya son ji. Ina tsoron in dage in rasa damar, in kuma ɓata da Yaya. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ki tsaya a kan maganar takardar nan, kada ki janye. Abin da ya rage shi ne yadda za ki tsaya ba tare da kin yi asarar yayanki ba, da kuma abin da za a zuba a cikin takardar, domin wadda aka sa wa hannu ido rufe ta fi rashinta ciwo.

Bari in fara yi wa furodusan adalci. Da ya ce amana suke yi, ba ƙarya ya yi miki ba, a haka aka taso. Harkar fim ɗin Hausa daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta fito, irin su Tumbin Giwa ta Kano da ta fitar da fim ɗinta na bidiyo a 1990. Abokai ne da 'yan unguwa ɗaya, a haɗa kuɗi a yi hayar kyamara. A zamanin kaset da faifai, furodusa ya gama fim ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, jarumi a sallame shi tun a lokeshan, marubuci a miƙa masa abin da ya sawwaƙa. Cikin 'yan makonni cinikin fim ya lafa, kowa ya kama gabansa, a shiga wani. Irin wannan ciniki baki na iya riƙe shi, tunda kafin a manta abin da aka faɗa an gama rabo. Sai kasuwar faifai ta mutu a hannun masu tura fina-finai a waya, aka koma masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, abin ya yi ƙarfi sosai daga 2020. Fim ɗin da aka ɗora a YouTube kuwa cinikinsa ba ya ƙarewa. Bayan shekara biyar yana nan ana kallo, talla na fita a kansa, gobe a sayar wa gidan talabijin, jibi a yanyanka shi a watsa a TikTok da Facebook. Hanyar kuɗin ta sauya, amma "kada ki damu, za mu daidaita" tana nan inda aka bar ta.

Kin tuna hayaniyar farkon 2022, lokacin da dattijuwar 'yar fim Ladin Cima ta faɗa a hirarta da BBC Hausa cewa akan sallame ta da naira dubu biyu, wasu manyan masu shirya fim kuma suka fito suka ce su sun biya ta fiye da haka nesa ba kusa ba? Ba alƙalanci zan yi musu ba. Abin da ya tsaya min shi ne yadda aka yi ta "na ce, ka ce" a kan haƙƙin dattijuwar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a aikin, alhali rasit ɗaya zai iya kashe musun.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe ido. Abubuwa uku ya dunƙule ya sa musu farashi ɗaya, ke ma a dunƙule kike kallonsu. Akwai littafin kansa, wanda naki ne. Akwai izinin a ɗauki labarinsa a yi fim. Akwai kuma ƙwadagon zama a tsara rubutun fim har kashi 26, aiki ne sabo fil, wanda ko wani aka ɗauko daga waje sai an biya shi. Ɗauki dubu 150 ɗin ki raba gida 26, kowane kashi bai kai naira dubu shida ba, kuma wannan lissafin idan kyauta kika ba da labarin ke nan. Kashi ɗaya da za a kwashe kusan awa guda ana kallo, ki rarraba shi sin-sin, wato fitowa-fitowa, ki sa wa kowa magana a baki, sannan darakta ya kira ki ƙarfe goma na dare ya ce jarumar ta yi tafiya, a cire ta daga sin huɗu kafin gari ya waye, duk a ƙasa da dubu shida. Da lissafin da kika ba ni, littafin ya kawo miki kusan dubu 200 a guruf, kuma har yanzu yana hannunki. To a kan wane dalili za ki sallama shi, ki ɗora da aikin wata da watanni, a kan abin da bai kai haka ba?

Manomi ya san bambancin ba da hayar gona na damina biyu da sayar da ita. Haya ce ta dace ki ba shi, kuma doka ta san da wannan bambancin. Dokar haƙƙin mallaka da ake aiki da ita yanzu a Najeriya ta 2022 ce, an sa mata hannu a watan Maris na 2023. A ƙarƙashinta littafinki ya zama naki tun ranar da kika rubuta shi, ko a waya ne, ba sai kin yi rajista ba. Haƙƙin zai zauna tsawon rayuwarki da ƙarin shekara 70 bayan rai ya yi halinsa, magada su gaje shi kamar yadda ake gadon gida. Mayar da littafi fim na daga cikin abubuwan da ba a yi sai da izinin mai shi. Ga kuma wurin da ya shafi rigimarku kai tsaye: sayar da haƙƙin dungurungum, ko ba wa mutum izinin da shi kaɗai zai riƙe, ba ya tabbata sai a rubuce. Izini na gama-gari kuwa, wanda bai hana ki ba wani ba, yana iya zama da baki, har ma ana iya fahimtarsa daga yadda kika yi mu'amala.

Wannan yana yanka ta fuska biyu. Ta wajenki, idan alat ya shigo kika yi shiru, kika ci gaba da tura rubutu, to kin ba da izini ko ba ki furta ba, kuma fim ɗin da aka yi mallakin wanda ya shirya shi ne, ba naki ba. Ranar da ya fashe ya yi kasuwa ba ki da abin nunawa sai tsohon saƙon murya. Ta wajensa kuwa abin ya fi muni, shi ne dai bai lura ba. Ba tare da takarda ba, babu abin da ya hana ki ba wa wani furodusa a titin Gidan Zoo na Kano, matattarar 'yan fim, labarin nan a wata mai zuwa, bayan shi ya narka miliyoyinsa. Idan ya tashi sayar wa wani babban mai saye, musamman manhajojin kallon fim na waje, za a nemi shaidar cewa labarin ya zo hannunsa ta halastacciyar hanya. Haka kuma mai haƙƙi na iya kai ƙorafi ga YouTube, kuma tashar da ta tara gargaɗi uku na satar fasaha rufe ta ake yi. Ban ce ki yi masa barazana da wannan ba, ko kusa. Na faɗa miki ne don ki san cewa takardar da yake wa dariya shi ta fi karewa, kuma da wannan bakin za ki shiga maganar.

Sai batun zaɓin da ya ba ki. Ni dai kuɗi a hannu nake zaɓa miki, amma ba dubu 150 a kan komai da komai ba. Kason riba yana da daɗin ji, sai dai wa zai lissafa ribar? Shi. Kafin a kai ga riba sai an cire hayar kyamara da fitilu, man janareto, hayar gidan da aka yi ɗauka, abinci da masaukin ma'aikata, sallamar jarumai, mai tace hoto, mai kiɗa, kuɗin hukumar tace fina-finai. Duk halastattun kashe-kashe ne, kuma babu ko ɗaya da za ki iya tantancewa daga ɗakinki a Zariya. Mutum ba sai ya yi ƙarya ba ma, ya ishe shi ya ɗora albashin kansa da kuɗin ofis a kan fim ɗinki, riba ta ɓace.

Kada kuma lambar masu kallo ta ruɗe ki. Mutane kan ga an rubuta miliyan ɗaya a ƙasan bidiyo su fara yi wa furodusa lissafin gidaje. YouTube na ba mai tasha kaso 55 cikin 100 na kuɗin tallan da ya fita a dogayen bidiyo, amma ba kowane kallo ne ke zuwa da talla ba, kuma farashin tallan ya danganta da inda mai kallon yake. Wanda ya kalla daga Ingila ko Amurka ko Saudiyya ya fi wanda ya kalla daga Funtuwa kawo kuɗi. Ainihin lissafin yana cikin shafin mai tasha, shi kaɗai ke gani sai wanda ya buɗe wa. Sannan akwai kuɗin da ba ya bi ta YouTube sam: tallan mai maganin gargajiya, da kamfanin filaye, da shagon atamfa da ake sakawa a tsakiyar fim, waɗanda kai tsaye suke biyan furodusa. Idan har zuciyarki na son kaso, to ya zama ƙari ne a kan ladan aikinki, a ɗaure shi a kan abin da ya shigo kafin a cire komai, ba a kan riba ba, a ambaci kuɗin tallan cikin fim da na sayar wa talabijin, kuma ya saka adireshin imel ɗinki a tashar a matsayin mai dubawa. YouTube na da wannan tsarin, mutum ya ga alƙaluma bai iya taɓa komai ba. Ki lura matsayin mai dubawan iri biyu ne, ɗaya yana nuna kuɗin shiga, ɗayan yana ɓoye shi. Idan ya ce wannan sirrin kamfani ne, ba laifi, haƙƙinsa ne, ke kuma sai ki bar maganar kaso ki riƙe farashinki.

Farashin kuwa gida biyu za ki yi shi: kuɗin izinin labari daban, a biya lokacin sa hannu, ladan rubutu daban, a kan kowane kashi. Kafin ki yanka, ki tuntuɓi mutum biyu ko uku da ke rubuta fim yanzu haka ki ji abin da ake biya, kada ki tsaya a kan mutum ɗaya. Cikin marubutan da kuke guruf ɗaya ba za a rasa wadda ta taɓa yi ba, ƙungiyar marubuta ta ANA ma tana da rassa a Kano da Kaduna. Yadda za a biya ya fi adadin muhimmanci a wurina. A ba ki kafin alƙalami, ki miƙa kashi uku ko huɗu, a cika miki, sannan ki ɗora. Kada rubutunki ya taɓa yin nisa ya bar kuɗinki a baya. Wanda ya miƙa kashi 26 yana jiran a fara haskawa a biya shi, ya zama mai bin bashi, kuma a harkar fim marubuci ne na ƙarshe a layi, domin jarumi na iya ƙin zuwa lokeshan, mai kyamara na iya riƙe hotuna, shi kuwa marubuci ya riga ya saki abin da ke hannunsa.

Akwai wasu abubuwan da nake so su fito ɓaro-ɓaro a takardar. Wa'adi: idan bai fara ɗauka ba cikin lokacin da kuka yanka, misali shekara ɗaya da rabi, izinin ya dawo hannunki, abin da ya biya kuma ba ya dawowa. Labarai da yawa suna kwance a wayoyin furodusoshi, an ba da ɗan na goro an ɗaure su, ba a yi fim ba, mai labari kuma ba ta da bakin kai wa wani. Sai iyaka: zango biyu ne, kashi 26, a tasha kaza. Wannan na fi jin tsoro a kansa. Fim mai dogon zango idan ya karɓu ba a barinsa ya ƙare inda littafi ya ƙare. Za a ja shi zango na uku, na biyar, na bakwai, a ɗauko wani marubuci ya ci gaba da mutanen da kika ƙirƙira, a kashe wadda kika raya, a aurar da wadda kika sa ta ƙi aure. A rubuta cewa duk abin da ya wuce zango biyu sabon ciniki ne, ko ke za ki rubuta ko wani. A kuma rubuta abin da ya rage a hannunki: sayar da littafin a guruf ko manhaja, buga shi a takarda, ba masu karanta littattafai a YouTube, fassara shi, rubuta ci gabansa. Sunanki ya fito a farkon kowane kashi, a wurin "labari" da wurin "tsarawa", da kan fasta. Doka ta ba marubuci haƙƙin a ambace shi a kan aikinsa, amma ki sa a rubuta, don mai haɗa fasta ba doka yake karantawa ba.

Ki ƙara layi ɗaya a kan hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda ke aiki tun 2001. Kai fim gabanta da samun sahalewarta nauyin furodusa ne, kuma biyanki bai rataya a kan fitowar fim ba. A 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a lokaci ɗaya saboda batun tantancewa, har da manya-manyan da kowa ya sani. Irin wannan ranar ba ke ya kamata ki kwana da asara ba.

Duk wannan shafi biyu ya ishe shi, kuma da Hausa ma ya yi. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafinsa. Ki duba da wa kike ƙullawa: shi a karan kansa, ko kamfaninsa mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC? A rubuta cikakken suna ko wanne ne. Idan da hali lauya ya duba miki kafin ki sa hannu, kuma a Zariya, da tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ke nan Kongo, samun lauya ba zai gagara ba.

Mu dawo gida, wajen Yaya, don na san shi ne ya hana ki barci, ba YouTube ba. Fushinsa ba a kan takarda ba ne, a kan fuskarsa ne. Ya ɗauko abokinsa yana alfahari zai yi wa ƙanwarsa hanya, sai ƙanwar ta yi maganar da a kunnensa ta zama "ban yarda da mutuminka ba", kuma a gaban mutumin. Ki same shi shi kaɗai, lokacin da ya ci ya ƙoshi. Ki ba shi haƙuri a kan yadda maganar ta fito, amma kada ki ba da haƙuri a kan maganar kanta. Wani abu kamar haka: "Yaya, ka yi haƙuri, da kai ya kamata in fara shawara kafin in yi magana a gabansa. Wallahi ba zarginsa nake ba. Akwai rai akwai mutuwa, yau in babu ni ko babu shi, magada ba su san me muka ƙulla ba. Ina so kai ka tsaya min a matsayin wakili, ka zama shaida." Kin ga kin mayar da shi babba a maganar, maimakon wanda aka tsallake.

Idan ya ce ai rubutu rashin yarda ne, ki tuna masa a hankali cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, su kafa shaidu, kuma kada su ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Da muminai ake magana, ba da macuta ba. Kuɗin da za a biya ki bayan kin miƙa aiki bashi ne. Sannan ki nuna masa abin da bai hango ba: idan babu takarda aka samu saɓani, ba furodusa ne zai shiga tsaka mai wuya ba, ba kuma ke ba, shi ne. Mama za ta ce ya karɓo wa ƙanwarsa haƙƙinta, aboki zai ce ai ba haka muka yi ba, shi kuma ba shi da abin da zai raba gardama da shi. Abotar tun firamare a irin wannan wurin take mutuwa.

Batun Baba kuwa, ba zan ba ki shawarar ki yi a ɓoye ba, kuma ko na ba ki ba zai ɓoyu ba. Fim ne, a waya ake kallonsa, wata maƙwabciya za ta ga sunanki ta shigo yi wa Mama barka. Gara ya ji daga gida. Ki fara da Mama, ko Yaya bayan kun shirya, tunda shi ya kawo maganar. Ku gano ainihin abin da Baba ke gudu. Yawancin iyaye ba rubutu suke ƙi ba, abin da ke ransu shi ne 'yarsu tana yawon lokeshan, tana kwana a otal, hotonta na yawo, maneman aure suna ja da baya. Aikinki bai ƙunshi ko ɗaya ba, a ɗakinki za ki rubuta ki tura, kuma za ki iya sa a rubuta cewa ba a buƙatar ki a wurin ɗauka. Idan sunan gida ne damuwarsa, ki yi amfani da sunan alƙalami, amma da saninsa, a takardar kuma a sa sunanki na gaskiya. Hanyar ma ba sabuwa ba ce. Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu daga littafi suka shiga fim, Fauziyya D. Sulaiman ma da littattafai aka fara saninta kafin rubutun fim da na talabijin. Ki miƙa masa littafin, ko Mama ta ba shi labarin. Idan kuma akwai shafukan da ba za ki iya bari Baba ya karanta ba, kin san irin waɗanda nake nufi, to ki sani kyamara za ta fi Baba tona su, ki gyara tun yanzu.

Idan bayan duk wannan ya ce a'a, ki tambaya ko zai yarda ki ba da izinin labarin kawai, wani ya tsara rubutun. Idan nan ma ya ƙi, ki dakata. Littafi ba ya ruɓewa, iyaye kuma sukan sauko idan suka ga an bi ta gabansu. Ban ga dubu 150, ko ninkinta goma, da ta kai ki zauna gida ɗaya da mahaifin da ke jin kin munafunce shi ba.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba. Rubutun littafi daban, rubutun fim daban. A littafi kina iya cika shafi uku da "ta ce a ranta", kyamara kuwa ba ta ɗaukar zuci. Jarumin littattafanku na yanar gizo, wanda kullum yana da jirgin sama nasa na kansa da gida a Dubai, furodusan da ke lissafin man janareto zai mayar da shi mai shagon waya a kasuwar Farm Centre ta Kano. Za a haɗe mutum uku su zama ɗaya, a yanke babin da kika fi so. Kada ki ce sai an bi littafi layi-layi, babu daraktan kirki da zai yarda. Ki zaɓi abu biyu ko uku da ba ki yarda a taɓa ba sai da izininki, kamar ƙarshen labarin, ko saka rawa da waƙa idan ba kya so, a rubuta su, sauran ki sake musu mara.

Tsoron rasa dama kuma, ki auna shi da kyau. Ba tausayinki ya ji ya zo ba. Ya zo ne don mutum 400 sun cire kuɗi daga aljihunsu sun sayi labarin, wasu dubbai sun karanta na sata, kuma duk waɗannan masu kallo ne da ya samu tun kafin ya kunna kyamara. Furodusan da ke da niyyar biya, takarda ba ta rage masa komai, zai ɗan yi ƙorafi ya sa hannu. Wanda ya fasa fim ɗungurungum saboda shafi biyu, ya nuna miki yadda ranar biya za ta kasance.

Abin da za ki yi yau, tun kafin ki zauna da Yaya, shi ne batun kashi biyun da kika riga kika tura. Ki aika masa saƙo a rubuce, ba na murya ba, cikin ladabi: kin tura ne don ya ga salon rubutunki, ba izinin ɗauka ba ne, kuma kina jiran a kammala yarjejeniya kafin a ci gaba. Ki ɗauki hoton saƙon da amsarsa ki adana. Kada ki ƙara tura ko sin ɗaya, kada kuma ki karɓi ko sisi da sunan "ga wannan ki sa kati", idan ma ya turo ki rubuta masa cewa kin ajiye shi har a yi takarda. Ki tattara shaidar cewa littafin naki ne: rubutun farko, ranakun da kika riƙa sakin shafuka a guruf, alat ɗin masu saye, ki tura wa kanki duka ta imel don waya na iya ɓata. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, tana da rajista ta intanet. Ba dole ba ce, amma takardar shaidar da take bayarwa tana da amfani ranar musu, kuma tunda an taɓa fitar miki da littafin nan waje, ki yi masa ita a wannan makon.